Injin da Baba Ya Sayo wa Yaya Ɗahiru

Ranar wata Laraba ce, cikin bazarar shekarar da aka ba Bauchi jiha, motar ta tsaya a bakin lungunmu da hantsi. Ina tsugune a gindin dalbejiyar ƙofar gida ina kankare tukunyar koko, sai na ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafata. Babbar mota ce mai bodin katako, daga Jos ta fito, ta karkace gefe ɗaya kamar jakin da aka ɗora wa mangala ba daidai ba. Da direba ya yaye tamfol, duk yaran unguwa muka ja da baya. Injuna uku ne, baƙaƙe ƙirin, sai maiƙo da tsatsa. Biyu ƙanana, ɗaya na huda ƙarfe, ɗaya na wasa shi. Na ukun kuwa in ka kwantar da maza biyu kai da ƙafa ba za su kai tsawonsa ba. Shi ne mai juya ƙarfe yana fere shi kamar yadda ake fere rogo. Wani tsoho mai sayar da goro ya leƙa ya ce wannan ai giwa aka kashe aka kawo mana. Sunan ya bi ta, har ta bar gidanmu Giwa muke ce mata.

Yayana Ɗahiru ne ya fara hawa motar. Ya zagaya Giwa yana shafa ta, yana murɗa wannan yana leƙa wancan, farar rigarsa duk ta ɓaci. Baba yana tsaye a ƙasa, hannu a baya, tsakaninsu bai fi taku uku ba. Bai ɗaga kai ya dube shi ba. Ni ya duba.

"Ke Asabe, ce wa wancan ya sauko, zai ɓata rigarsa."

Na ajiye tukunya na je jikin motar na ce, "Yaya, wai Baba ya ce ka sauko." Ya ji tun daga bakin Baba, kowa ma ya ji. Amma sai da na faɗa sannan ya sauko.

Haka gidanmu yake. Yaya Ɗahiru ɗan fari ne, kuma kunyar ɗan fari a gidanmu ta fi ta kowa tsanani a unguwar, don kakarmu ta wajen uba Bafillatana ce, ba ta wasa da wannan abu. Tun da aka yaye shi ita ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Baba bai taɓa kiran sunansa ba. Ba ya cin abinci da shi, ba ya yi masa magana baki da baki, in ya shigo zaure Baba zai tuna yana da abin yi a waje. Inna ma haka. In zazzaɓi ya kama shi sai ta shige madafa ta yi ta hura wutar da ba ta mutu ba, ta fito ido ja ta ce hayaƙi ne. Ba ƙiyayya ba ce, kar wani ya fahimce ni a karkace. So ne da aka hana shi baki. Yayyena mata biyu da ke tsakanina da shi an aurar da su, to sai ni na zama bakin. Tun ina shekara shida nake wannan aiki, a shekarar da nake ba da labari kuwa ina tara.

Baba maƙeri ne, ubansa maƙeri, kakansa maƙeri. Maƙerarmu tana jikin gida, can ta wajen Ƙofar Tirwun. Da safe in na dawo daga makarantar allo, na share tsakar gida, na kai wa Inna surfe, sai in zauna a gindin zuga-zugi in yi ta bugawa har kafaɗuna su mutu. Sa'o'ina mata suna can suna carafke a inuwa, ni ina nan gawayi yana cika mini hanci. Amma ban ƙi ba, don a nan ake abin dariya. Baba zai ɗaga garmar da Yaya ya ƙera, ya rufe ido ɗaya ya duba, ya ce in gaya wa wancan ta karkace. Yaya yana zaune ga shi nan, gwiwarsu ta kusa haɗuwa, sai ya sunkuyar da kai ya ce mini a hankali in gaya wa Baba idonsa ne ya karkace. Ni kuma in juya in ce wai Yaya ya ce zai gyara. Baba ya ji na farko, ya ji na biyu, sai ka ga gemunsa yana motsi, yana danne dariya. A nan na koyi tace magana. Shi ya sa da na tsufa na daina, na gaji da ita tun ina yarinya.

Yaya bai tsaya a ƙira kaɗai ba. Shekara shida ya yi yana koyon aikin inji a garejin Oga Fita, wani mutumin kudu da ke hanyar Jos, gajere mai sanƙo, mai Hausar da ba ta san mace ba ta san namiji ba. Ni kullum "kai yarinya" yake ce mini. Shi ne ya ce a duk waɗanda ya koya wa aiki ba mai hannun Ɗahiru. Hannun nan ne ya jawo magana, don wata masaƙa a Kaduna ta aiko masa takarda ya je ya kama aiki da faɗuwar damina. Yaya ya gaya wa Kaka. Kaka ta gaya wa Inna. Inna ta jira Baba yana alwala, ta fuskanci bango ta ce ta ji an ce wasu za su Kaduna. Baba ya gama alwalarsa ya fita. Yaya ya sayo akwatin kwano mai zanen fure ya tura ƙarƙashin gado, kullum in na je shara sai na ga ya ƙara nauyi.

Wani uban zai kira ɗansa ya ce kada ka tafi, ina son ka kusa da ni. Baba ba shi da wannan hanya. Abin da ya yi, ya sayar da gonarmu ta Tirwun, wadda muke zuwa roron gyaɗa da kaka, muna gasa ta a rami muna dawowa baki baƙi. Ya sayar da bijimai biyu. Ya ɗauki Oga Fita suka tafi Jos, inda wani kamfanin haƙar kuza da ya rufe yake gwanjon tsofaffin kayansa. Bai ce wa kowa ga wanda ya saya wa ba. Mutumin da bai san inda ake kunna inji ba, wa zai saya wa? Kowa ya sani. Abin da ba a sani ba shi ne ko Yaya zai zauna ko zai tafi, don shi ma ɗan ubansa ne, bai ce komai ba, akwatin kuma yana nan a ƙarƙashin gado.

Sauke Giwa daga mota kaɗai wuni ya ci. Babu abin ɗaga kaya a lokacin, in ma akwai ba irinmu ke ganinsa ba. Rami aka haƙa mai gangara a bakin lungu, motar ta shiga da baya har bodinta ya yi daidai da ƙasa, sannan aka zamo da injunan a kan katako. Ƙananan biyu 'yan dako suka kinkima da sanduna suka shigar a ranar. Giwa kuwa aka bar ta a nan kan katakai, aka rufe da tamfol, don Oga Fita ya ce ba a ɗora irinta a kan daɓen gida, sai an zuba mata siminti mai kauri ya kwana ashirin da ɗaya. Sati uku tana zaune a bakin lungu. Awaki suka mayar da ƙarƙashinta wurin hutu, mata suna shanya a kanta, mu kuma muna ɓuya a bayanta. Akwai wani rubutu da ya taso a jikinta, na ƙarfe. Yaya ya kan kama yatsana ya bi da shi a kan haruffan ɗaya bayan ɗaya, ya ce in aka gama kafa ta zai koya mini karatun boko a ɓoye, in karanta da kaina.

An fasa bangon tsohuwar rumfar da ke jikin maƙera aka faɗaɗa ƙofa. Yaya ya haƙa ƙasa har gwiwa, ya jera duwatsu. Akwai huji shida a ƙafafun Giwa, to dole a dasa manyan ƙusoshi shida masu noti a cikin simintin tun yana ɗanye, kowace ta tsaya daidai inda hujinta zai sauka. In ɗaya ta kauce ko da faɗin ƙwayar gero ne, sai a fasa daɓen a sake. Kwana biyu Yaya yana kai da kawowa tsakanin bakin lungu da rumfa, da zare da guntun katako da fensir a kunne. Ya auna, ya koma ya sake aunawa. Baba yana maƙera kamar ba ya kallo, amma sau nawa ina ganin ƙarfe ya huce a hannunsa bai doka ba. Ranar da aka zuba siminti ya ce in gaya wa wancan ƙarfe ba ya son gaggawa. Yaya ya ce in ce ya ji. Daga nan aikin ya dawo kaina, safe da yamma in ɗebo ruwa a rijiya in jiƙa buhunan da aka shimfiɗa a kai, kada rana ta fasa shi. Ban tsallake ko sau ɗaya ba, ko ranar da aka yi gaɗar bikin 'yar maƙwabta sai da na zuba sannan na tafi.

Ranar Asabar aka sa za a shigo da ita. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas a kwanakin, ana tsoron kada ruwan farko ya same ta a waje. Tun da sassafe 'yan dako goma sha biyu suka zo daga tasha. Inna da maƙwabta suka ɗora tuwo, aka dama fura a babbar ƙwarya. Yadda ake yi shi ne, a shimfiɗa katakai biyu a ƙasa kamar hanya, a jera bututun ƙarfe biyar a kai, Giwa ta hau bututun. Wasu suna ja da igiya ta gaba, wasu suna tunkuɗawa da dagi ta baya. In ta matsa kamu ɗaya, bututun baya ya fito, sai a ɗauke shi a zaga da shi gaba a sake sa mata. In za a huta a cusa guntun katako a ƙarƙashi don kada ta gangara. Yaya ya ce shi zai riƙa zagawa da bututun, don Oga Fita ya ce a nan ake rasa yatsu, shi kuma ba zai bar ɗan wani ya rasa yatsa a kan kayan gidansu ba. Ka ji, kayan gidansu ya ce. Na lura da wannan kalma, na ga Baba ma ya lura.

Oga Fita ya kama hannun Baba ya tsayar da shi can gaba, inda zai riƙa ganin gefe da gefe. Ya ce Giwa kanta ya fi ƙafarta nauyi, irinta ba ta gangarawa, kifewa take yi. "Baba, kai ne ido," ya ce. "In ka ga wani abu, yi ihu. Inji ba shi da ɗan'uwa." Baba ya gyaɗa kai. Ni ina gefensa da butar ruwa, inda nake kullum.

Lungun namu bai fi taku sittin ba, amma tun safe har aka yi azahar aka ci tuwo ba a ƙare shi ba. 'Yan dako suna da mai ba su baki, shi zai ja waƙa su amsa, a kan amsawar ake tunkuɗawa. Suna yi suna tsokanar juna, wai wane ƙarfinsa a cin tuwo yake, wane kuma dagi ne ke riƙe da shi ba shi ke riƙe da dagi ba. Yara sun hau katanga, mata suna leƙe ta zana. Yaya ya tuɓe riga, gumi yana bin bayansa, in ya zo wucewa da bututu ta gabanmu sai ya ɗaga mini gira. Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta ranar ba.

Da la'asar sakaliya aka kawo ƙofar rumfa. A nan akwai kwatar da ke fitar da ruwan gidanmu, ta ratsa ta bakin ƙofar, sai aka ɗora katakan a kanta kamar gada. Katakon da ke ɓangaren bango tsoho ne, a waje lafiyayye, ashe gara ta cinye cikinsa a sati ukun da ya yi a ƙasa. Kan Giwa ya hau gadar. Yaya ya shiga tsakaninta da bango ya tsuguna, yana daidaita bututu, bayansa yana wajenmu. Waƙa tana tashi. Ni ban ga komai ba. Baba ne ya gani, ya ga katakon yana lanƙwasa.

Na ji hannunsa ya damƙi kafaɗata har sai da na ji zafi. Na ɗaga kai. Bakinsa a buɗe yake, yana kallon Yaya, karo na farko da na ga ya dube shi kai tsaye. Leɓensa ya motsa, ba abin da ya fito. Sai ya sunkuyo kaina.

"Ke, ce masa ya fito daga nan. Maza."

Na yar da buta na ruga. Taku bakwai ne tsakaninmu, na sha aunawa daga baya. Na yi biyar. Na ce, "Yaya, wai Baba ya ce..." Ya juyo yana murmushi don ya ji saƙon. Sai katakon ya karye.

Ba ta faɗi da ƙara ba. A hankali ta kwanta, kamar saniyar da ta gaji, ta jingina da bango, shi yana tsakani. Waƙar ta yanke. Abin da na fi tunawa shi ne Baba da dagi. Mutum goma sha biyu suna ɗagawa, amma dagin Baba ne ya lanƙwashe, ƙarfen da shi ya ƙera da hannunsa. Oga Fita yana ta cusa katako yana kuka yana magana da yarensu. Da aka jawo Yaya babu jini sosai, idonsa biyu, har ya ce a duba kada kan injin ya fashe. Mutane suka ce da sauƙi. Ba da sauƙi ba ne, ƙugunsa da cikinsa ne suka murƙushe.

Kwana uku ya yi a asibiti. Kaka ce a gefen gadonsa, Inna tana bakin ƙofa da lulluɓi har ido. Baba yana waje a gindin wata bishiyar mangwaro, daga safe har a kori masu dubiya, ba ya ci ba ya sha sai salla. Kuma ko a nan ni ce. In shiga in fito. Tambayi wancan ko yana son fura. Tambaye shi ina ke masa ciwo. Wata ma'aikaciya ta tambayi Kaka wai mara lafiyar nan ba shi da uba ne, Kaka ta ce yana da shi, ga shi can. Matar ta leƙa ta taga ta girgiza kai.

A rana ta uku da hantsi Yaya ya kira ni da ido. Muryarsa ta yi ƙasa, sai da na kai kunne. Ya ce in gaya wa Baba kada a bar Giwa a bakin ƙofa, ruwa yana zuwa. Ya ce awon daidai yake, a sauke ta a hankali za ta zauna. Sannan ya ce in gaya masa tun ranar da motar ta zo ya fasa Kaduna, so yake sai an kafa ta ya fere ƙarfen farko ya kawo masa, shi ne amsarsa. Akwatin kuma kayan aiki ne a ciki, ba tufafi ba. Na fita da gudu na faɗa wa Baba, wannan karon ban tace komai ba. Baba ya miƙe tsaye. Ya kakkaɓe rigarsa, ya gyara hula, ya nufi ƙofar ɗakin da kansa. Ina bayansa. Muna kaiwa baranda muka ji salatin Kaka.

An yi sadakar bakwai, Giwa tana nan kwance a jikin bango, an lulluɓe ta, kowa yana ratsawa ta nesa. Mutane suka ba Baba shawara ya sayar da ita, wasu suka ce a farfasa ta. Kaka ta ce ba za ta sake bi ta lungun ba in tana nan, ta ƙofar baya ta riƙa fita har ta rasu. Kwana biyu bayan bakwai Baba ya aika aka kira Oga Fita da 'yan dakon nan. Biyu suka ƙi zuwa, ban ga laifinsu ba. Aka sayo sababbin katakai, Baba ya bi kowane da guduma yana ƙwanƙwasawa yana saurara. Ba waƙa a ranar. Aka tayar da ita, aka shigar, aka ɗaga ta da jak irin na mota a kan daɓen da na yi sati uku ina ba ruwa. Oga Fita ya kwanta rub da ciki yana leƙen ƙarƙashi, ana zare katako ɗaya bayan ɗaya, tana sauka kaɗan kaɗan. Ƙusoshi shida, huji shida. Suka shige kamar an haife su tare, ba a taɓa ko ɗaya da guduma ba. Oga Fita ya ɗora ma'auninsa mai ruwa a ciki, ƙwayar iskar ta tsaya a tsakiya cak. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula.

Baba ya ɗaura notin da kansa, duka shida. Da ya gama ya dafa Giwa da hannu biyu, ya juya wajen ƙofa, ya ɗaga murya yadda ake kiran wanda ke tsakar gida ya zo ya ga abu.

"Ɗahiru."

Wallahi da farko ban gane wa yake nufi ba, don ban taɓa jin sunan da muryarsa ba. Kuma don sabo sai na miƙe zan tafi kira. Na kai bakin ƙofa sannan na tuna. A daidai nan aka fara yayyafi, ruwan farko na shekarar, ƙanshin ƙasa ya tashi. Inna tana bayan zana, ta ji. Ranar ba ta ce hayaƙi ne ba.

Ba a taɓa kunna Giwa ba. Ba a ma jawo mata wutar lantarki ba. Oga Fita ya so ya kawo wani ya riƙa aiki da ita, Baba ya ce a'a. Ƙananan biyu ya ba shi kyauta. Ita kuwa duk Juma'a in ya dawo masallaci sai ya buɗe rumfar, ya goge ta da tsumma, ya ɗiga mata mai, ya rufe. Shekara goma sha tara yana haka. Kuma daga ranar bai sake aikena wurin kowa ba, ko gishiri yake so sai ya tashi ya je ya faɗa da bakinsa. Sau ɗaya tak ya yi mini maganar, ya tsufa, ni ma ina da 'ya'ya, na je gaishe shi na tarar yana goge ta. Bai juyo ba ya ce, "Na ga katakon, Asabe. Na buɗe baki, sunan bai san hanya ba. Ke ba ki da laifi." Na ce Baba ajali ne. Ya ce ya sani.

Ni ma na sani, kwana in ya ƙare ya ƙare, ban yi jayayya da Allah ba. Amma ni ce na yi takun nan biyar, kuma na san da sunan ya fito, da tsalle ɗaya zai yi. Malamai sun ce kada a ce "da an yi kaza", to na faɗa, Allah ya yafe mini. Da na haifi ɗana na fari na roƙi ubansa aka sa masa Ɗahiru. Ranar suna na ɗauke shi a gaban mata na kira sunan da ƙarfi. Uwar mijina ta ce an auro musu mara kunya, aka yi ta yi da ni a unguwa shekara da shekaru. Ban bar shi ba. In yana wasa a waje na kira shi, in yana kusa da ni ma na kira shi, wani lokaci ba don komai ba, don dai bakina ya san hanya.

Bayan rasuwar Baba magada suka sayar da gidan. Masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da wutar yankan ƙarfe, kafin azahar sun yanka Giwa gunduwa gunduwa sun loda. Lokacin ban iya karatu ba, sai da na aurar da autata na shiga ajin manya, don haka har yau ban san abin da aka rubuta a jikinta ba. Kwanakin baya jikata ta ɗauke ni a keke mai ƙafa uku za mu Gubi, muka wuce wani sabon shago a hanyar Tirwun, wajen da gonarmu take a da. Ana sauke inji irinta, har ya fi ta girma. Wata mota mai dogon hannu ta ɗaga shi sama kamar ƙwaryar fura ta ajiye a ciki, ba a yi minti goma ba. Ba bututu, ba waƙa, ba tuwo. Mai shagon yana tsaye da ɗansa, saurayi, ya dafa kafaɗarsa yana ta kiran sunansa yana nuna masa abu, har suna musu. Jikata ta ce Kaka me kike kallo haka. Na ce ba komai, mai keke ya ja mu tafi.

Daɓen yana nan, na leƙa bara. Masu gidan yanzu sun ɗaure tunkiya a jikin ɗaya daga ƙusoshin, kuma ko tsaga ɗaya simintin bai yi ba. Yanzu Ɗahiruna ya fara furfura, 'ya'yansa suna yi masa dariya in na tsaya a tsakar gida ina ƙwala masa kira kamar yaro. Su yi ta yi. Wanda kake so, kira shi tun yana amsawa.